Ranar Da Sabarmu Ta Kira Toga Shara

Ku matso kusa 'yan uwa, yau ba doguwar gaisuwa, don abin da ya faru a gidanmu makon nan ya fi ƙarfin cikina. Wanda bai san ni ba, sunana Sefako, 'yar Lome ce ni, kuma ni ke kula da kwamfutocin kamfanin Papa, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jirgin ruwa. Asabar mai zuwa dangin Selom za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, su nemi aurena. To ranar Litinin saura ƙiris ƙofar ta kulle tun ba a taɓa ta ba.

Ina zaune a tsakar gida da kofin koko, kaina cike da kitson da bai gama sakin fatar kaina ba, sai ga Tasi Ablavi, ƙanwar Papa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar Mama. Ta diro daga bayan babur ɗankwali a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Ina ubanki?"

"Ina kwana, Tasi."

"Riƙe kwananki! Ina Kossivi nake tambaya!"

Papa ya fito yana ɓalla maɓallin riga, biro a aljihu, rediyo a kunne. Yana ganin fuskarta ya kashe rediyon.

"Wa ya mutu?"

"Gara a ce mutuwa aka yi. Yaya ya ce ba zai zo ba."

Kofin ya kusa kuɓuce mini. Ku gane, a gidanmu uba ba ya buɗe wa masu neman aure ƙofa. Babban wansa ne ke buɗewa, shi muke kira Toga. Papa zama kawai zai yi kamar baƙo yana murmushi. In kujerar Toga ba kowa, sai a ba baƙi ruwa su sha, su kwashi kwalaben abin shan da suka kawo na gaisuwa su koma, kuma dangin da aka mayar sau ɗaya da wuya su sake dawowa.

Toga namu kuwa tsohon shugaban gidan waya ne, yana zaune a Kpalime tun da ya yi ritaya. Ba ya aika saƙon murya, ya ce wannan aikin 'yan talla ne. In yana da muhimmiyar magana sai ya zauna gaban kwamfutarsa ya rubuta imel, da kwanan wata, da gaisuwa, da cikakken sunansa a ƙasa kamar wanda ke rubuta wa minista.

"Ya rubuto maka ranar Asabar a kan tsarin zaman," in ji Tasi. "Saƙon ya koma masa. Ya sake, ya koma. Jiya bayan coci ya sake, ya koma. Ka san abin da aka rubuta a kai?" Ta dafe ƙirji. "Wai an ƙi karɓa, mai aikowa yana cikin masu aiko shara. Shara, Kossivi! Ga sunan kamfaninka a ƙasa ɓaro-ɓaro!"

"Ni ban rubuta masa komai ba!"

"To je ka gaya masa. Ya ce shekarun da ya yi yana aikin wasiƙa, ko ta ɗan fursuna bai taɓa kira shara ba. Ya ce tun da shi shara ne, ku nemi mai tsabta ya buɗe muku ƙofa."

Papa ya juyo kaina. "Ke ce mai na'ura. Tun da yaron nan ya shigo rayuwarki hankalinki ya bar jikinki. Kullum waya, kullum dariya ke kaɗai kamar sabon kamu."

Maganar ta yi mini zafi, amma na lura da wani abu. Papa in yana faɗa cikin ido yake kallon mutum. Ranar kuwa bishiyar mangwaro yake yi wa faɗan.

Ko wanka ban tsaya yi da kyau ba. Na zura doguwar rigar atamfa mai ganye-ganye, na ɗaure kai, na tare babur sai ofis.

Sabar imel ɗinmu, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonnin kamfani, tana wani ɗan ɗaki a bayan ofishin Papa, cikin akwatin ƙarfe, da fankarta ta kanta. Ni na haɗa ta da hannuna, ina ji da ita kamar 'yar fari. Mabuɗi ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Papa saboda ko gobara, haka ma kalmar sirri. Na buɗe akwatin saƙonni na ga wayam. Tun yammacin Juma'a babu abin da ya shigo, ko masu cewa ka ci gadon wani attajiri ba su leƙo ba. Na aika wa kaina saƙo daga wayata. Kafin in ɗaga kai ya dawo, da zagin da aka yi wa Toga. Ni ma ashe shara ce.

Bari in yi muku bayani yadda Tasi ma ta gane, don na ga wasunku sun fara hamma. Sabar tana da maigadi mai tace saƙonni. Duk saƙon da ya zo, sai ya tura tambaya wurin wasu mutane a ƙasar waje masu ajiye sunayen 'yan damfara da masu aiko tarkace: wane da ya aiko, kun san shi da mugun hali? In sun yi shiru, mutumin kirki ne, ya wuce. In sun amsa, a kore shi. Mai kai tambayar nan shi ake kira DNS, ɗan aike ke nan. Namu na gida ne, a cikin sabar yake, su kuma mutanen suna amsa wa ƙananan masu tambaya irinmu kyauta. Amma akwai manyan 'yan aike na kamfanonin waje da rabin duniya ke aika, su kam an gaji da su. In tambaya ta biyo ta hannunsu, amsar ita ce: ba ma sauraron wanda ya biyo ta nan. Shi kuma maigadina bai iya bambancewa ba, da ya ji an yi magana sai ya ɗauka an ce ɓarawo ne, ya rufe ƙofa.

Na duba saitin. An cire ɗan aikena, an sa na waje.

Gyaran bai kai shan kofin ruwa ba. Na mayar da namu, na koya wa maigadi ya riƙa sauraron abin da aka ce kafin ya yi kora, saƙonni suka fara shigowa. Amma wanda aka riga aka mayar ya tafi ke nan, kuma zuciyar Toga ba ta da saitin da zan mayar.

Ina zaune ina tunanin wane mara kunya ne ya taɓa mini 'ya, wayata ta yi ƙara. Selom ne.

"Barka da safiya, amaryar Asabar. Ba ki ga wani canji a ofis ba? Ba sai kin gode ba, murmushi ya isa." Har da fuskar nan mai kashe ido ɗaya.

Jama'a, na karanta saƙon nan na ɗora hannu a ka.

Selom sana'arsa ja wa mutane wayar intanet a gidaje da otal-otal. Dogo ne, mai wushirya, kullum tsani a ɗaure a bayan babur. Zuciyarsa fara ce tas, cutarsa ɗaya: in ya ga waya hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ranar da muka fara haɗuwa ma a bikin ƙawata, ana rawa shi yana bayan lasifika yana gyara abin da ba wanda ya sa shi.

Na kira shi.

"Fo Selom," na ce a hankali. Duk ranar da na sa masa Fo ɗin girmamawa ya san ruwa ya kawo wuya.

"Na shiga uku. Me na yi?"

"Ranar Juma'a ina ka je?"

"Ofishinku mana. Na kawo miki ablo, wainar masarar nan, da soyayyen kifi, aka ce kin tafi babbar kasuwa da Tasi sayen atamfa. Papa ya ce in zauna, muka cinye tare."

"Kuka cinye. Sannan?"

"Sannan ya ce intanet ɗinsa tana jan ƙafa. Na sauya masa DNS a rauta, akwatin nan mai raba intanet, shafi ya riƙa buɗewa kamar walƙiya. Sefa, da kin ga murnarsa! Ya kira ni injiniya. Sai ya ciro mabuɗi ya ce in yi wa babbar ma, ya faɗa mini kalmar sirri, ya ce kada in gaya miki, mu ba ki mamaki."

"Ai kun ba ni."

"Ko ba ta yi sauri ba?"

"Ta yi. Da gudu ta kori duk wanda ya rubuto mana tun Juma'a, har Toga. Ta ce masa shara. Ya ce ba zai zo ba."

Ina jin hayaniyar titi ta bayansa, da wata mai talla tana kiran burodi.

"Sefa, sabar imel ce? Na rantse na ɗauka ta ajiyar takardu ce. A gidaje kullum haka nake yi, ba wanda ya taɓa kuka."

"Gidaje ba su da maigadi mai tambaya."

"Ina kan tsani," ya ce da wata ƙaramar murya. "Bari in sauka kafin in faɗo."

Na so in ci gaba da fushi, Allah ya sani na so. Amma yaya za ki yi da mutumin da ya ɓata miki aiki don yana son mahaifinki ya so shi?

Papa kam na same shi a ofis ya buɗe jarida ya ɓoye fuska. Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu.

"Papa, kifin ya yi daɗi?"

Jaridar ta ɗan motsa. "Wane kifi?"

"Wanda kuka ci da injiniya."

Ya sauke ta a hankali. "Ni cewa na yi ya duba. Dubawa daban, taɓawa daban."

"Da safe ka ce hankalina ya bar jikina."

"To ai... ya ɗan bari, ba a rasa ba." Ya sosa ƙeya. "Ki zauna mana, kin tsaya mini a kai kamar jami'in kwastan."

"Ka kira Toga ka gaya masa gaskiya."

"Ba zai ɗauka ba. Kuma ni da furfurata ba zan je Kpalime in durƙusa saboda akwatin ƙarfe ba. Mutumin nan tun muna yara yake jiran in yi kuskure. Ku je ke da Ablavi, ku ɗauki motar kaya, yaron ya tuƙa ku. Amma kada wanda ya ambaci sunana."

Washegari da sassafe muka kama hanya. Na sa riga da zani na atamfa shuɗiya, marar ado, irin wadda Toga ke kira shigar 'yar mutunci. Selom ya zo cikin farar riga mai dogon hannu da guga har tana yanka, ya yi aski, idanunsa sun nuna bai yi barcin kirki ba. Tasi ta zauna a tsakiyarmu da jakarta a cinya, ta ce tun da ba a ƙwanƙwasa ba ko kafaɗa ba za ta haɗu ba.

Tun daga fitarmu gari take tsara mana ƙarya.

"Ku saurara. Wuta ce aka ɗauke, na'ura ta rikice. Shi ke nan. Kai kuma dogo, bakinka alaikum. Direba ne kai yau. In Yaya ya ji kai ne, ko shekara za ka yi kana ƙwanƙwasawa ba zai buɗe ba."

"Tasi, Toga ba yaro ba ne," na ce.

"Ni ma ba yarinya ba ce. Tun kafin a haife ki nake yi masa ƙarya, bai taɓa kama ni ba."

Selom ya kafe idonsa a kan hanya. Na leƙa ta bayan Tasi na ga yadda ya damƙe sitiyari. Na tura masa saƙo duk da na san ba zai gani ba sai mun tsaya: "Ko me ya faru, ni dai kai na zaɓa. Amma ka sake taɓa mini saba sai na karya maka yatsu."

Mun isa ana yayyafi, duwatsu sun sha hazo, garin yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Toga yana baranda a kujerarsa ta katako, farar singileti da zane a kafaɗa, tabarau a kan hanci. A kan teburin gabansa ga takardu a jere, an danne su da tsohon ma'aunin wasiƙa. Ashe buga saƙonnin ya yi a takarda, ya ja jan layi a ƙarƙashin kalmar.

Aka kawo ruwa muka sha. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har karen maƙwabta, amma bai tambayi Papa ba. Sannan ya dubi Selom sama da ƙasa.

"Wannan fa?"

"Direba ne," in ji Tasi da sauri.

"Direba da irin wannan guga? To." Ya juyo kaina. "Sefako, me ya kawo ku wurin shara?"

Na durƙusa. "Toga, ba mutum ne ya rubuta maka ba. Na'ura ce, kuma kowa ta yi wa haka, har ni." Na miƙa masa wayata ya ga nawa saƙon. Ya karanta a tsanake, leɓensa yana motsi.

"Ke ma shara ce?"

"Ni ma, Toga."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya maza ya gyara fuska. Na yi masa bayanin maigadi da ɗan aike. Abin mamaki, ya fi Tasi saurin kamawa nesa ba kusa ba, har yana gyaɗa kai.

"Wato an tura tambaya ta hannun wanda ofishin can ba ya karɓa, aka dawo da ita ba a buɗe ba, shi kuma sakaran maigadinku ya ɗauka hukunci ne."

"Haka ne, Toga."

"Mun taɓa yin wani ma'aikaci mai irin wannan kan. To na ji." Ya cire tabarau ya goge da bakin zane. Na fara sakin numfashi, Tasi ta fara murmushi. "Amma ɗan aike ba ya sauya kansa. Wa ya sauya shi?"

"Wuta ce aka ɗauke," in ji Tasi.

"Ablavi, wannan ƙaryar ko ta lokacin da kika ce akuya ce ta shanye madarar gwangwani ta fi ta tsari. Yi mini shiru."

Sai na ji motsi a bayana. Selom ya taso ya zube gwiwa biyu a kan jiƙaƙƙen siminti, da farin wandonsa da komai.

"Toga, ni ba direba ba ne. Sunana Selom, ni ne mai neman Sefako. Ni na sauya. Na yi ne don in burge, ban san aikin na'urar ba, ban kuma tambayi mai ita ba. Zagin da ya same ka daga hannuna ya fito. Ka yafe mini."

Tasi ta rufe fuska da jaka tana cewa, "Dogo ya kashe mu." Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu, rabi tana son in shaƙe shi, rabi tana son in tashi in yi guɗa.

Toga ya mayar da tabarau ya dube shi. "Ɗakin a buɗe yake?"

"A kulle yake."

"Ka fasa?"

"A'a."

"To wa ya buɗe maka?"

Selom ya sunkuyar da kai. "Ni na taɓa, Toga."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani. Amma ni na taɓa."

"Sefako ce?"

"Ba ta ma nan. Da tana nan da ta kore ni da tsintsiya."

"To yaro, saurara." Muryar Toga ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi tsawa ban tsoro. "Ka faɗi rabin gaskiya ka riƙe rabi. Ni kuma ba na buɗe wa mutum ƙofar gidanmu alhali yana ɓoye mini abin da ya faru a cikin gidan. Ko ka faɗi sunan, ko ku tashi ku kama hanya tun ruwa bai yi ƙarfi ba."

Na kalli Selom ina roƙonsa da ido: faɗa mana, Papa ne, ai kowa ya sani! Ya kalle ni, idanunsa sun yi ja, ya girgiza kai kaɗan. Mutumin nan zai bar aurenmu ya rushe don kada ya kunyata mahaifina a gaban wansa. Na buɗe baki zan faɗa da kaina, sai wayata da ke hannun Toga har lokacin ta hau ruri. Ya duba fuskar wayar, ya miƙo mini.

"Ubanki ne. Sa yadda kowa zai ji. Kuma kada ki ce ina kusa."

Na danna.

"Sefako? Kin fita waje? Tsohon nan mai taurin kai ba ya kusa ko?"

Toga ya ɗaga mini yatsa. Na ce, "Ina jin ka, Papa."

"Tun da kuka tafi na kasa zama. Ko shayi ban sha ba. Ki ji, yaron nan bai iya ƙarya ba, kuma na san halinsa, zai kwashi laifin duka ya ɗora wa kansa. Kada ki bari. Ki ce... ki ce masinja ne ya buɗe. A'a, bar masinja, yana da iyali. To ki ce ni ne. Amma ki bari sai ya ci abinci, in yana jin yunwa ba ya jin magana."

Tasi ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta suna rawa.

"Ni na ja shi ɗakin," Papa ya ci gaba, muryarsa ta sauka. "Har cewa ya yi a jira ki, na ce ni ne mai kamfani. Sefako, tun da mamarki ta tafi ba wanda ya zauna ya ci kifi da ni yana sauraron surutuna na tashar jirgi sai yaron nan. In Yaya ya ƙi shi saboda wautata, ban san da wane ido zan kalle ki ba. Kina ji na?"

Kafin in amsa, Toga ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya kawo ta kusa da bakinsa kamar mai shirin sanarwa.

"Kossivi."

Sai muka ji muryar Papa ta ƙanƙance.

"Fo... tun yaushe kake ji?"

"Tun daga tsohon nan mai taurin kai."

"Ai... wani tsohon nake nufi."

"Na sani. Kuma ban ci abinci ba, amma na ji magana." Ya share gefen idonsa da babban yatsa, wai ƙwaro ne. "Da ka iya faɗin gaskiya irin haka tun muna yara, da ban sha dukan da na sha a kanka ba. Yau zan taho. A gyara mini ɗakinka, kai ka koma falo."

Ya kashe wayar tun Papa bai amsa ba, ya ƙwala wa matarsa kira ta haɗa masa jaka, ta sa babban zanensa na kente na zuwa taro. Tasi ta tashi ta taka rawa a baranda, ni kuma na rarrafa na riƙe ƙafar Toga ina godiya.

"Tashi, tashi, ban ce na buɗe ba tukuna. Cewa na yi zan zo." Ya dubi Selom da ke durƙushe har yanzu, gwiwoyin wandonsa sun yi baƙi. "Kai mai riƙe sirrin suruki, ka iya tuƙi a hankali?"

"Na iya, Toga."

"Madalla. Ablavi, ke da 'yarki ku je tasha ku hau motar haya. Ni da wannan za mu tafi mu biyu. Ina da tambayoyi, kuma ba na son mai tari a tsakiya. Kafin mu shiga Lome zan san ko ranar Asabar buɗewa zan yi, ko zama kawai zan yi in kalli ƙofar."

Aka ci sakwara da miyar kaza, ni dai ban san ta ina tawa ta bi ba. Selom ya buɗe wa Toga mota, ya zagaya, kafin ya shiga ya duba wayarsa. Na ga ya karanta saƙona na ɗazu, ya ɗago ya nuna mini yatsunsa goma, ya ɓoye su a aljihu. Suka tafi, motar tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Yanzu haka a motar haya nake rubuto muku, an matse ni tsakanin Tasi da wata mata mai kwandon ayaba. Tasi ta yi barci a kafaɗata, bakinta a buɗe. Na tura wa Selom saƙo ya fi a ƙirga, ba amsa, har na fara tunanin ko an sauke shi a hanya. Sai ɗazun nan wayar ta yi ƙara, daga lambarsa, amma ina ganin rubutun na san ba hannunsa ba ne:

"Zuwa ga Sefako. Bayan gaisuwa, direba yana tuƙi, ba ya amsa waya, ki daina damun mu. Ya zuwa yanzu bai faɗi jarrabawa ba. Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce babbar. Naki, Toga."